Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Dabarun Fuskantar Jarrabawar Kammala Sakandare

Gabatarwa

A kowace shekara, da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, ɗaliban ajin ƙarshe na manyan makarantun sakandare a ƙasar Karaye da Rogo sukan sami kansu a tsaka mai wuya. A daidai lokacin da iyaye suke neman ƙarin hannu a gona domin shuka da noman fari, a lokacin ne jarrabawar kammala sakandare take ƙwanƙwasa ƙofa. Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wato WAEC, wadda aka kafa a 1952, takan gudanar da tata galibi a watannin Mayu da Yuni. Ita kuwa hukumar NECO, wadda aka kafa a 1999 kuma take da hedkwata a Minna, takan biyo baya a watannin Yuni da Yuli.

Abin da ɗalibi yake nema sananne ne: kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi, domin da su ake shiga jami'a. Daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit. D7 da E8 tsira ce kawai. F9 kuwa faɗuwa ce. Wanda bai samu ba sai ya jira wata shekara, iyayensa su sake sayar da hatsi ko akuya su biya kuɗin rajista. Ga 'ya mace kuwa, sau da yawa daga nan karatun ya ƙare ke nan.

A shekarun da na yi ina koyar da ilmin halittu ga 'yan ajin farko na jami'a, na tarar da ɗalibai masu kaifin basira waɗanda sai da suka zauna wannan jarrabawa sau biyu ko uku. Da na bincika yadda suka yi shiri, sai na ga kusan hanya ɗaya suka bi: karatun dare a makon ƙarshe, da haddar littafin rubutu. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana abin da kimiyya ta gano game da yadda ƙwaƙwalwa take riƙe karatu, sa'an nan a nuna yadda ɗalibi zai yi amfani da shi kafin jarrabawa da kuma cikin zauren jarrabawa. Misalan daga darasin Bayoloji aka ɗauko su, amma dabarun sun shafi kowane darasi.

Yadda Ƙwaƙwalwa Take Ajiye Karatu

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ƙunshe da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Idan mutum ya koyi wani abu sabo, mahaɗar da ke tsakanin wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyi takan ƙara ƙarfi, ta yadda saƙo zai riƙa wucewa cikin sauƙi. Kwatancinsa kamar hanyar ƙafa ce a cikin ciyawar damina. Idan an bi ta sau ɗaya aka bari, cikin kwana kaɗan ciyawa ta rufe ta. Idan kuwa ana bin ta lokaci-lokaci, sai ta zama turba.

Akwai wani ɗan sashe a cikin ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfas, wanda shi ne yake karɓar sabon abu kafin ya zama ajiya mai ɗorewa. An gane muhimmancinsa ne bayan 1953, lokacin da aka yi wa wani Ba'amurke mai suna Henry Molaison tiyata domin maganin farfaɗiya, aka cire masa mafi yawan wannan sashe. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar bai ƙara iya riƙe sababbin al'amura ba, ko da yake yana tuna yarintarsa. Wannan ya nuna cewa shigar karatu cikin kai daban, zamansa a ciki kuma daban, kuma zaman yana bukatar lokaci.

Mantuwa da Maganinta

A 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Yakan haddace jerin gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, sa'an nan ya auna abin da ya rage bayan wani lokaci. Bisa ma'auninsa, fiye da rabin haddar ya zube bayan awa ɗaya, kuma kusan kashi biyu cikin uku bayan kwana ɗaya. Daga nan zubewar takan yi sannu-sannu. Ya kuma lura cewa maimaicin da aka rarraba a kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya amfani.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya san makarantar allo, inda ba a ƙara sabon karatu a yi watsi da tilawar na baya. Saboda haka ɗalibi ya tsara wa kansa bita kamar haka: darasin da aka koyar yau, ya duba shi yau da yamma, ya sake dubawa bayan kwana uku, sa'an nan bayan mako ɗaya, sa'an nan bayan wata ɗaya. Kowace bita ba ta wuce minti 15 zuwa 20 ba.

Ga ɗan manomi, hikimar ita ce a yi babban aikin da rani. Daga watan Janairu zuwa Afrilu, bayan an gama kaka kuma kafin ruwa ya sauka, akwai kwana 120. Wanda ya ware awa biyu a kullum ya tara awa 240, kuma ba ya bukatar fitila idan ya zaɓi bayan asuba da bayan la'asar. Idan damina ta faɗi, bita kaɗai ta rage masa.

Tambayar Kai Ta Fi Maimaita Karatu

Yawancin ɗalibai sukan ɗauka cewa karanta shafi sau da yawa shi ne karatu. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun gwada wannan zato. Sun ba wani rukunin ɗalibai ɗan gajeren bayani su yi ta karantawa a zama huɗu. Wani rukunin kuma ya karanta a zama ɗaya kawai, sa'an nan aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna har sau uku. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu yawan karantawa ne a gaba. Amma bayan mako ɗaya sai lamarin ya juya: masu karantawa sun tuna kashi 40 cikin ɗari, masu tambayar kai kuwa kashi 61.

Dalili shi ne, maimaita karatu yana sa ido ya saba da shafi, mutum ya ji kamar ya iya. A zauren jarrabawa kuwa babu shafi; abin da ake nema shi ne fito da amsa daga ka, kuma wannan aiki ne da sai an yi ta yin sa ake ƙwarewa. Don haka, bayan ka karanta babi a kan zagayawar jini, rufe littafin, ka zana zuciya da ɗakunanta huɗu, ka rubuta hanyar da jini yake bi daga huhu zuwa sauran jiki. Buɗe littafin ka duba inda ka yi kuskure. Wurin da ka yi kuskure, nan ne karatunka na gobe.

Tambayoyin shekarun baya su ne mafi kyawun kayan wannan aiki. A amsa su da agogo a gefe, kuma kada a leƙa amsar da ke bayan littafi sai an gama. Ɗalibai uku ko huɗu 'yan unguwa ɗaya, ko a Zarewa suke ko a Yammedi, suna iya haɗa kuɗi su sayi littafi guda, su riƙa yi wa juna tambayoyi da gyara, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yana da kyau a fara bayyana darasi da Hausa har a tabbata an fahimta, sa'an nan a rubuta shi da Turanci, tun da da Turanci za a amsa.

Barci da Abinci da Lafiya

Tun a 1924 wasu masana a Amurka, Jenkins da Dallenbach, suka nuna cewa wanda ya yi hadda ya kwanta barci ya fi riƙe ta bisa wanda ya yi awoyi iri ɗaya a farke. Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa a lokacin barci mai nauyi hifokamfas yakan sake bin abin da aka koya da rana, yana miƙa shi ga sauran sassan ƙwaƙwalwa. Likitocin barci sun ba da shawarar awa 8 zuwa 10 ga matashi mai shekara 13 zuwa 18. Wanda ya kwana yana karatu a daren jarrabawa ya hana ƙwaƙwalwarsa ajiye abin da ya karanta, ga kuma gyangyaɗi da safe.

Goro da kofi da shayi mai kauri duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda jiki yake ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya kawar da rabinsa. Goron da aka ci bayan isha'i yana nan yana aiki har tsakar dare. Ƙwayoyin hana barci kuwa, kada ma a kusance su.

Nauyin ƙwaƙwalwa bai wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki yake ƙonawa yana hutawa. Saboda haka kada a shiga jarrabawa da yunwa. Koko da ƙosai, ko ɗumame daidai ciki, sun wadatar. A kuma sha ruwa. Har ila yau, lokacin jarrabawa shi ne farkon lokacin sauro. Zazzaɓin kwana uku yana iya cinye takarda biyu ko uku. A riƙa kwana cikin gidan sauro, kuma da an ji jiki ya yi zafi a tafi asibiti a yi gwaji. Rigakafi ya fi magani.

Sanin Fasalin Jarrabawa da Rabon Lokaci

Manhajar WAEC ta Bayoloji ta kasa jarrabawar gida uku. Takarda ta farko tambayoyin zaɓi ce guda 50, a cikin minti 50, maki 50. Ta biyu ta bayani ce, minti 100, maki 70: ɗalibin Nijeriya zai zaɓi tambaya biyu daga cikin huɗu, kowace maki 20, sa'an nan ya amsa ta dole mai maki 30. Ta uku ita ce ta aikin gwaji, awa biyu, maki 80. A takarda ta biyu da ta uku akwai sashen da aka keɓe wa 'yan ƙasar Gana. Wanda ya amsa shi daga Nijeriya ya yi aikin banza. Tun da tsari yakan canja, a nemi manhajar shekarar da za a zauna daga wajen malami.

A raba lokaci bisa yawan maki. A takarda ta biyu, a ware minti 5 na karanta dukan tambayoyi, da minti 10 na dubawa a ƙarshe. Saura 85: minti 24 ga kowace tambaya mai maki 20, minti 37 ga mai maki 30. Idan lokacin tambaya ya cika, a bar fili a wuce gaba. Makin farko na kowace tambaya ya fi na ƙarshenta sauƙin samu, don haka amsa uku masu matsakaicin kyau sun fi biyu masu kyau ƙwarai da ɗaya da ba a taɓa ba.

Wani abin lura shi ne kwamfuta. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma a 2024 WAEC ta fara yin haka ga masu zama jarrabawa a ƙashin kansu. Ɗalibin da bai taɓa kama linzamin kwamfuta ba ya nemi inda zai gwada hannunsa tun da wuri.

Tambayoyin Zaɓi

A zagaye na farko a amsa waɗanda aka sani, a yi wa masu wuya alama a koma musu daga baya. Kafin a dubi zaɓuɓɓukan, a yi ƙoƙarin kawo amsar a zuci. A kula da ƙananan kalmomin nan biyu na Turanci, "not" da "except", domin suna juya tambaya gaba ɗaya: abin da ba daidai ba ne ake nema.

Idan ba a san amsa ba, a fara da fitar da waɗanda ba za su yiwu ba. Lissafin a fili yake. A tambaya mai zaɓi huɗu, wanda ya yi canke ido rufe a tambayoyi 12 zai sa ran dacewa da uku. Wanda ya fara kawar da zaɓi biyu a kowace zai sa ran shida. Kada a bar gurbi ba amsa.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa amsar farko ita ce daidai, kada a canja. A 2005 an duba takardun ɗalibai fiye da 1,500 a Jami'ar Ilinois ta Amurka, aka ƙirga wuraren da suka goge suka sake. Kashi 51 cikin ɗari na canje-canjen daga kuskure ne zuwa daidai. Kashi 25 ne kawai daga daidai zuwa kuskure. Ke nan idan ka sake karanta tambaya ka ga dalili ƙarara, ka canja. Idan fargaba ce kawai, ka bari. A takardar cikewa kuma a yi amfani da fensir HB, a goge tsaf, kuma bayan kowace tambaya goma a tabbata lambar tambaya ta yi daidai da lambar gurbi.

Tambayoyin Bayani

Mai gyaran takarda yana da jagorar ba da maki a gabansa, kuma hujjoji yake ƙirgawa, tsawon rubutu bai dame shi ba. Idan an ce a lissafa abu uku, a kawo uku a jere. Idan an ce a yi bayani, a kawo dalili. Idan an ce a bambanta, a zana jadawali mai gida biyu, kowane layi ya gwama abu ɗaya: a ce masara tana da saiwa gaza-gaza, wake yana da uwar saiwa guda, jijiyoyin ganyen masara a jere suke, na wake kamar raga. Rahotannin manyan masu gyara na WAEC sun sha kokawa a kan kuskuren rubuta kalmomin fannu, domin harafi ɗaya yakan zubar da maki. A ware shafi a riƙa rubuta irin waɗannan kalmomi daga ka.

A tambayar gado, matakai ne suke ɗauke da maki. Ga misali: miji da mata duka suna da rukunin AS, mene ne yiwuwar su haifi mai cutar sikila? A rubuta rukunin iyaye, AS da AS. A rubuta ƙwayoyin haihuwar kowanne, A da S. A haɗa su a jadawali: AA, AS, AS, SS. Sa'an nan a faɗi amsa: ɗaya cikin huɗu, wato kashi 25 cikin ɗari, a kowane ciki. Wanda ya rubuta amsar ƙarshe kaɗai ya bar mafi yawan makin a ƙasa.

Aikin Gwaji

Wannan ita ce takardar da ta fi yawan maki, kuma a nan ɗan karkara ya fi ɗan birni gata, ko da makarantarsa ba ta da isassun kayan gwaji. Irin abubuwan da akan ajiye a kan teburi suna kewaye da shi: fara, gara, kyankyaso, kwaɗo, ƙadangare, ƙwayar masara da ta wake. Ya tumɓuke gyaɗa ya ga ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarta, inda ƙwayoyin Rhizobium suke tara sinadarin naitirojin. Ya haƙa gindin dawa ya ga yadda ƙuduji yake manne wa saiwarta yana tsotse abinci. Wannan shi ne misalin tsiro mai rayuwa a kan wani. Madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992 a ƙasar Karaye, aji ce sukutum: karfasa mai ɓawo, tarwaɗa marar ɓawo mai gashin baki, da jerin ci-a-ci-ka daga gansakuka zuwa ƙananan kifaye zuwa tsuntsu. Sai dai a yi kallo daga gaɓa, saboda ƙananan katantanwar ruwa masu yaɗa tsargiya.

Zane yana da ƙa'idoji. A fiƙe fensir, a ja layi guda ba tare da katsewa ko inuwa ba. A bi girman da tambaya ta faɗa. A sa kan magana. Layukan nuni a ja su da rula, su taɓa abin da ake nunawa, kada su gitta juna. A ƙarshe a rubuta ninkin girma, wato tsawon zane a raba da tsawon abin da aka zana: farar da ta kai santimita 5, aka zana ta santimita 10, ninkinta ×2 ne. Sunan kimiyya kuwa, kamar Zea mays na masara, kalmar farko da babban baƙi take farawa, ta biyu da ƙarami, kuma a ja wa kowace layi a ƙasa. Gwajin abinci ma ana iya fara shi a gida: ɗigon aidin a kan yankan rogo zai koma shuɗi mai duhu, alamar sitaci, ƙwayar gyaɗa da aka murje a kan takarda za ta bar tabon da haske yake ratsawa, alamar mai.

Fargaba a Zauren Jarrabawa

Idan mutum ya tsorata, wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a kan ƙoda sukan zuba sinadarin adiranalin da kotisol cikin jini. Zuciya ta yi ta bugawa, tafin hannu ya jiƙe, baki ya bushe. Kaɗan daga wannan yana ƙara kaifin hankali, amma idan ya yi yawa sai ya toshe hanyar tuna abin da aka sani. Maganinsa shi ne a ajiye alƙalami, a ja numfashi a hankali, a fitar da shi a hankali fiye da yadda aka ja, sau biyar ko shida. Wannan yana rage bugun zuciya. Sa'an nan a fara da tambayar da aka fi iyawa; da an rubuta layi biyu ko uku, sauran yakan biyo baya. Mai zuwa daga ƙauye mai nisa ya yi la'akari da ruwan safe da laka, ya fito da wuri ko ya kwana kusa da cibiyar.

Fargaba ce kuma take kai wasu ga masu sayar da amsoshin jabu. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara da ɗauri, kuma hukumomin sukan riƙe sakamako ko su soke shi. Wanda ma ya tsallake, ajin farko na jami'a yana jiransa, kuma a nan muke ganin yadda takardar da ba a yi mata gumi ba take ƙarewa.

Kammalawa

Ƙannena ɗalibai, abin da aka zayyana a taƙaice shi ne: a fara da wuri, a rarraba bita, a riƙa rufe littafi ana tambayar kai, a yi barci, a san fasalin takarda, a raba lokaci bisa maki. Babu ɗaya daga ciki da ke bukatar kuɗi mai yawa ko wutar lantarki. Ga iyaye kuwa, roƙona shi ne a ɗauke wa ɗan jarrabawa aikin gona na safe, a rage wa 'yar jarrabawa ɗibar ruwa da talla, na waɗannan 'yan makonni. Malamai kuma su taimaka da jarrabawar gwaji da agogo, ko da sau biyu ne kafin ranar. A fitowa ta gaba za mu ɗauki takardar aikin gwaji ita kaɗai, mu bi zane-zanenta ɗaya bayan ɗaya.